Notin Kujerar Direba

Ɗigon bai wuce girman maɓallin riga ba. Tela ya gan shi ne lokacin da ya dawo zai ja ƙofar gareji, bayan 'yarsa Auta ta fita da motar. Yana nan a kan siminti, a daidai inda motar ta kwana, yana ƙyalli a hasken safiya.

Da farko bai kawo komai a ransa ba, don tsohuwar mota ba ta rasa zubar da wani abu. Wannan kuwa ta girmi Auta nesa ba kusa ba. Shekara uku ke nan da ya sayo ta a wurin masu sayar da ƙarafa, ba taya, ba gilashi, kaji na ƙwai a kujerar baya. Ranar da aka jawo ta gida, uwar Auta ta leƙo ta taga ta tambaye shi ko kiwo zai fara. Tun daga ranar, duk Asabar a gareji yake yini shi da ƙanen matar tasa, bakaniken da kowa ke kira Sha-Uku saboda kullum cikin cigiyar sifanarsa mai lamba goma sha uku yake.

Tun farko suka raba aiki don kada su riƙa shiga hancin juna. Sha-Uku ya buga daɓen motar da tafin hannu ya ce daga nan zuwa sama na mai allura ne, daga nan zuwa ƙasa kuwa kada ya ga ko tsinken zare. Haka aka yi. Tela ya ɗinka kujeru da fata ruwan ƙasa, ya bi su da jan zare layi biyu. Ya lulluɓe rufi da ƙofofi. Ya shimfiɗa soso ninki biyu kafin ya ɗora kafet, don kada ƙarar titi ta dami mai tuƙi. Sha-Uku kuma ya fidda tsohon birki gaba ɗaya ya sa na zamani, da sababbin bututai tun daga gaba har baya.

Tela ya tsuguna. Sawun tayar gaba yana nan a kan ƙura, kuma ɗigon yana bayansa da kamar kamu uku. Wato ba daga inji ya fito ba. Daga ƙarƙashin kujerar direba ya fito. Ya dangwala da yatsa ya murza. Ba baƙi ba ne, launinsa kamar shayin da aka cika wa ruwa, ga santsi. Ya kai hanci. Ya san warin, don ya sha zama a kan sitiyari yana taka feda yayin da Sha-Uku ke kwance a ƙasa yana cewa taka, riƙe, saki. Man birki ne.

Nan take abin da ya yi jiya da yamma ya faɗo masa. Auta ta shiga motar don ta gwada zama, sai ga ƙafarta da ƙyar take kaiwa ga feda, don gajeriya ce kamar uwarta. An turo kujerar har ƙarshen layinta, ba ta isa ba. Sha-Uku kuwa ya tafi gyaran wata babbar mota da ta mutu a hanya. Tela bai ga dalilin jira ba, kujera ai aikin sama ce. Ya kwance ta, ya matso da ita gaba yatsa uku, ya huda sababbin ramuka huɗu. Ya san inda bututun birki yake bi, ta gefen ƙofa, ya gan shi da idonsa lokacin da motar take ƙwarangwal, don haka ya kauce wa gefen. Ya ɗaure kujerar da irin notin nan mai tsinin baki da ke cin ƙarfe da kansa, ba sai mutum ya kwanta a ƙasa da ciwon bayansa ba. Na huɗun ya ɗan yi tauri a ƙarshe. Ya ƙara masa murɗi ɗaya ya zauna.

Ya laluba aljihu ya kira Auta. Wayar ta yi ta ringi har ta katse. Ya sake kira, ya kuma sakewa. Ya san ba za ta ɗauka ba, don shi da kansa ya sa ta yi masa alkawari tun ranar da ta karɓi lasisi: waya a jaka, jaka a kujerar baya, ko wa ke kira sai an kashe mota.

Uwar Auta ta fito da kofin shayinsa ta same shi a tsugune da waya a kunne. Ta yi dariya ta ce ko minti goma yarinyar ba ta yi da fita ba har an fara. Ta tuna masa ranar da ya tafi tashar mota da fitila saboda Auta ta makara da rabin awa, alhali tana ɗakinta tana barci. Tela ya taka ɗigon da takalminsa. Ya tambaye ta, da muryar da ya yi ƙoƙarin daidaitawa, ko Auta ta faɗi inda za ta.

"Gidan mai tukuna, sannan wurin aikinsu. Wai sai ta nuna wa 'yan ɗakin gwaji motar da babanta ya ɗinka. Ga shayinka yana hucewa."

Asibitin da Auta ke aikin gwajin jini yana ƙasan doguwar gangarar nan. A ƙarshen gangarar kuma akwai mahaɗa, inda manyan motoci ke ratsawa ba tsayawa.

Ya ce mata ta ajiye shayin yana zuwa. Sai da ya fita bakin ƙofa ya kira Sha-Uku.

"Yaya, ya aka yi? Ko an rasa almakashi ne?"

"Bututun birkin baya, ta ina ka bi da shi?"

"Me ya haɗa ka da ƙasa?"

"Ka faɗa mini kawai."

Sha-Uku ya ce ai gefen ƙofar tsatsa ta cinye, da ya yi walda a wurin sai ya matsar da bututun ciki kamar tafin hannu. Yana cikin bayanin ya yi shiru. Tela yana jin ƙarar guduma a bayan wayar, sai gudumar ma ta tsaya.

"Ka huda daɓe."

"Kujera na matsar mata. Ba ka faɗa mini ka canza masa hanya ba."

"Ina motar?"

"Auta ta fita da ita. Gangaren asibiti za ta bi."

Sha-Uku ya ja numfashi. Ya ce kada ya tayar da hankalinsa tukuna, birkin da ya sa gida biyu ne, ko man baya ya ƙare tas na gaba zai kama. Illa dai fedar za ta nutse sosai, sai ta kusa taɓa daɓe kafin ta riƙe. In dai ta danna har ƙasa, motar za ta tsaya.

Tela ya tuna da soson da ya shimfiɗa.

"Yaya? Soso nawa ka sa a ƙarƙashin feda?"

"Biyu. Da kafet."

"Fito bakin titi. Ga ni nan."

Tela bai taɓa yarda ya hau babur ɗin Sha-Uku ba, yakan ce yana da iyali. Yau tun kafin babur ɗin ya gama tsayawa ya haye. Ya riƙe rigar aikin ƙanen matarsa da hannu ɗaya, ɗayan hannun yana ta danna lambar Auta. Sha-Uku ya kutsa tsakanin motoci, madubin wata bas ya goge gwiwar Tela, bai ko waiwaya ba.

A gidan mai, mai zuba man ya gane motar tun kafin su gama kwatance. Ya ce ai yanzu ta bar nan, har mutane suka taru suna leƙen kujerun, wani ma ya nemi lambar wanda ya ɗinka. Yana ta yabo, Tela kuwa ƙasa yake kallo. A gaban famfo na biyu akwai ɗanyen tabo mai faɗin tafin hannu, da wani siririn layi da ya bi hanyar fita. Sha-Uku ya goga da yatsa, ya shafa a wando. Ya ce a tsaye ɗiga kawai yake yi, amma duk takun birki feshi ne. Ya tambayi mai zuba man minti nawa. Mutumin ya ce biyar, ko bakwai, shi dai bai duba agogo ba.

Suka koma kan babur. Tela ya shiga lissafin wuraren da dole ta taka birki kafin gangara: danja biyu, shataletale ɗaya, da tudun rage gudu na gaban makaranta. Ya san yadda take tuƙi, don shi ya fara koya mata. Shi ne ya cusa mata cewa ƙafa ba ta nisa da birki, ko akuya ta gani daga nesa ta rage. Sha-Uku ya sha yi masa tsiya a kan haka, yana cewa zai mai da yarinya mai cin birki kamar gyaɗa, a bar shi ya nuna mata yadda ake rage gudu da giya. Sau biyu ko uku kawai ya fita da ita. Tela ya hana, ya ce yana sa ta gudu.

Danjar farko ta tsayar da su. A kan farin layin akwai tabo, sabo. Tela ya nuna da baki. Sha-Uku ya ce kowace mota na iya zubar da wannan, amma bai jira kore ta kawo ba. Wani direba ya danna musu hon ya zage su. A danja ta biyu tabon ya ragu. Tela ya ji ɗan sanyi a ransa, ya ce wataƙila ramin ya toshe. Sha-Uku sai ya ƙara wuta, daga nan Tela ya gane abin da raguwar take nufi: man ne ya kusa ƙarewa.

Ya fara addu'a a fili, iska tana kwashe kalmomin. Ya ga Auta tana shekara biyar tana zaune a ƙarƙashin keken ɗinkinsa tana tattara ƙyallaye. Ya ga notin, dogo, a cikin gwangwanin da yake tara su. Akwai gajeru a gwangwanin. Ya gan su. Dogayen ya zaɓa don kujerar ta zauna da ƙarfi, kada ta motsa da ita.

Da suka kai saman gangara, motoci sun yi layi ba sa motsi. Can ƙasa a mahaɗa wata tirela ta gitta hanya ta tsaya, mutane suna gudu ta wajen. Sha-Uku ya bi gefen titi har inda babur ya kasa wucewa. Tela ya dira ya ruga. Shekara ashirin rabonsa da gudu. Takalminsa ɗaya ya fice, ya bar shi. Idonsa na kan tirelar, yana neman launin motarsa a ƙarƙashinta, yana roƙon kada ya gani.

Sai da ya kusa wucewa ya lura mutanen ba mahaɗa suka nufa ba. A tsakiyar gangarar, hannun dama, ana wani gini, an jibge yashi tifa guda a bakin titi. Motar tana cikin yashin har zuwa gilashin gaba. Gefenta ɗaya ya goge da katangar ginin tun daga fitila har ƙofar baya, fentin da suka yi wata biyu suna shafawa ya koma farin ƙarfe. Ƙofar direba a buɗe. Ba kowa a ciki.

Ya ture mutum biyu ya kutsa. Auta tana zaune a kan bulo, wata mata mai sayar da ruwa ta dafa kafaɗarta. Leɓenta ya fashe, ta riƙe wuyan hannunta na hagu da na dama. Tana ganinsa idonta ya ciko.

"Baba, na ɓata maka mota."

Ya durƙusa a gabanta. Ya taɓa kanta, ya taɓa kafaɗunta, ya ce ta motsa ƙafafu, ta motsa. Ya ce ta juya wuya, ta juya. Ya sake cewa ta motsa ƙafafu. Mai ruwan ta ce ai da kanta ta fito, Allah ya tsare, ya kwantar da hankalinsa kada shi ya faɗi.

Auta ta ba shi labari guntu-guntu. Tun a shataletale ta ji fedar ta yi laushi, ta ɗauka haka sabon birki yake. Da ta shiga gangara ta taka, sai ƙafarta ta tafi ƙasa ta tokare da kafet, motar kuwa ba ta san ana yi ba. Ta taka, ta sake takawa. Ta hango tirelar tana shigowa mahaɗa. Sai ta sauko giya ta biyu, injin ya yi kuka kamar zai fashe, ta ja birkin hannu kaɗan-kaɗan, ta manna motar da katanga. Da ta ga yashin sai ta nufe shi. Direban tirelar ya hango ta ne ya taka birki a tsakiyar hanya, shi ya sa ya toshe ko'ina.

Lokacin Sha-Uku ya iso yana haki, da takalmin Tela a hannu. Auta ta ɗaga kai ta dube shi. Ba da faɗa ta yi maganar ba, da ma ta yi faɗan da ya fi sauƙi.

"Kawu, har ƙasa na taka. Ka ce mini wannan birkin ko bango ne a gaba zai tsaya."

Mutane suka juya gaba ɗaya. Rigar aikin Sha-Uku da baƙin mai a hannunsa sun gama faɗar sana'arsa. Wani direban tasi ya ce au, wannan ne ya yi birkin? Ya san shi, garejinsa na bayan kasuwar katako, makon jiya ma ya kai masa mota. Wani dattijo mai jaka ya ce irin waɗannan su ke kashe mutane, su sa tsohon kaya su ce sabo ne, kamata ya yi a kira 'yan sanda. Wata ta ce 'yar 'yar'uwarsa ma bai bari ba, ina ga bare. Direban tasin ya fiddo waya ya fara ɗaukar hoto, motar tukuna, sannan fuskar Sha-Uku.

Sha-Uku ya ajiye takalmin a gaban Tela. Bai dube shi ba. Ya ce wa Auta ta yi haƙuri, zai duba ya ga abin da ya faru, aikinsa ne. Ya faɗi haka a hankali, ya kuma maimaita wa direban tasin cewa aikinsa ne.

Tela yana durƙushe. Ya ga hanyar da aka buɗe masa. Za a ja motar zuwa gareji, Sha-Uku zai canza bututun cikin awa ɗaya, ba wanda zai sake tayar da zancen. Auta za ta ci gaba da faɗa wa abokan aikinta cewa babanta ba ya barin ko zare ɗaya a karkace. Uwar Auta za ta yi wata guda ba ta yi wa ƙanenta magana ba, sannan ta huce. Hoton kuma zai zaga wayoyin direbobin tasi kafin azahar.

Ya miƙe. Ya tambayi wani magini da ke tsaye da cebur ko yana da wuƙa, mutumin ya ba shi wadda suke yanka buhun siminti. Tela ya je ƙofar direba, ya share yashin da ya zubo ciki, ya kafa wuƙar a kafet ɗin daga gindin feda ya ja har ƙarƙashin kujera. Ya yaye shi. Ya finciko soson, ninki na farko da na biyu, ya jefar a kan titi inda kowa zai gani. Kan notin na huɗu ya bayyana, sabo fil, gefensa a jiƙe.

Ya kira direban tasin ya ce ya zo ya ɗauki wannan.

"Birkinsa lafiya lau yake. Ni na huda bututun jiya, da wannan notin. Ni kuma na cika soso a ƙarƙashin feda har ta kasa sauka. Bai sani ba, ba ya nan. Giyar da ta sauko da ita ma shi ya koya mata, ni hanawa na yi."

Dattijo mai jaka ya tambaye shi shi bakanike ne? Tela ya ce a'a, tela ne. Wani ya yi dariya daga baya, wani ya ce masa ba abin dariya ba ne. Direban tasin ya leƙa ya ga notin, ya dubi Sha-Uku, ya mai da wayarsa aljihu ya ce bari ya je ya matsar da motarsa. Mutane suka fara watsewa biyu-biyu suna maganar a tsakaninsu.

Sha-Uku ya matso ya karɓe wuƙar daga hannun Tela ya mayar wa maginin. Ya ce ƙasa-ƙasa, da ya faɗa masa ya matsar da bututun da duk haka ba ta faru ba. Tela ya girgiza kai.

Bai iya juyawa wajen Auta da wuri ba. Da ya juya, ta daina kuka. Tana kallon soson da ke kan titi. Ta daɗe tana kallonsa.

"Don ƙafata ta kai ka matsar da ita," ta ce.

"Da na jira kawunki."

"Da ka jira."

Ta yunƙura za ta tashi, ya kai hannu, ta ce ba ta wannan gefen ba, hannun yana zafi. Ya zagaya ya riƙe ta ta dama. Ta ce tana jin ƙashin ya tsage, gara a ɗauki hotonsa, asibitin ga shi nan ƙasa, za ta iya takawa in Kawu ya raka ta. Shi ya tsaya da motar har mai ja ya zo, kada a kwashe abin da ya rage.

Sun yi taku kaɗan ta tsaya ta waiwayo.

"Baba, sa takalminka. Kuma kai za ka faɗa wa Mama, ba ni ba. Duka za ka faɗa mata."

Ya tsaya yana kallonsu suna sauka a gefen titi, Sha-Uku ta ɓangaren motoci, ita ta ɓangaren katanga, har suka tsallaka mahaɗar suka shiga ƙofar asibiti. Sannan ya zauna a kan bulon da ta tashi. Ya fiddo wayarsa ya kira gida. Ringi ɗaya uwar Auta ta ɗauka, tana tambayar ina ya shige ya bar ƙofar gareji a buɗe.

"Auta tana nan lafiya, da ƙafarta take tafiya," ya ce. "Ki samu wuri ki zauna. Akwai abin da na yi jiya da yamma."